Alluran Iya a Jikin Totuwa

Tun ranar da keke napep ya kife da mu a Kwangila, Iya nake ta tunawa. Ban san dalili ba da farko. Babu wanda ya mutu, ni ma gwiwa kawai na kurje, amma har yanzu hannuna bai daina rawa ba.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. A gidanmu na Samaru, in damina ta yi nisa, da an yi magariba sai ta jawo murhun gawayi bakin ɗakinta ta jera masara a kai, ta ɗora buhun ƙyallaye a cinya. Teloli ne ke tara mata guntayen atamfa da shadda, ita kuma ta harhaɗa su ta yi bargo, ta aika gidan duk da aka haihu ba su da hali. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin kafar allura, don haka ta kafa mana doka: tatsuniya ba kyauta ba ce. Kowa sai ya zura mata zare a allura ya soka a jikin totuwar masarar da muka cinye, sannan ta buɗe baki.

"Ke Balki, uwar son banza," in ji ta, "kin cinye min masara, allura ɗaya ta gagare ki? To yau labari a bakina zai kwana."

In totuwa ta cika ta yi tsitsitsi, sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Wadda na fi so ita ce ta hawainiya. Wai ruwa ne ya rushe wa kurciya sheƙa, 'ya'yanta suka rage tsirara suna karkarwar sanyi. Bushiya ta ce tana da allurai amma ba ta da zare. Gizo-gizo ya ce zare kam har ya yi masa yawa. Saura mai ɗinki, wadda ta san kalar da ke dacewa da 'yar'uwarta, kuma duk dajin babu kamar hawainiya. Ita kuwa tun da reshe ya taɓa karyewa da ita ta shige rami, ta ce ta bar sana'a, jikinta rawa yake yi. Bushiya ta je bakin ramin ta ce, "Mu za mu sa miki zare. Ke dai ki soka." Haka ta fito ta haɗa ganyaye ja da kore da rawaya, ɗinkin a karkace, 'ya'yan kurciya suka yi barci. A nan Iya kan miƙe tana kwaikwayon tafiyar hawainiya, ƙafa ɗaya a sama tana kakkaɗawa, mu muna birgima don dariya.

"Iya, ta warke?" na taɓa tambayarta.

"Wa ya ce miki? Je ki duba bishiyar gwaiba gobe. Har yau rawa take yi, amma kin taɓa ganin ta fasa tafiya?"

Bayan na gama sakandare na shiga wata ƙungiyar mata a Jushi. Muna karɓo ƙyallaye wajen telolin unguwar PZ, mu ɗinka barguna da huluna mu kai asibiti don bakwaini. Ranar da muka kife ma buhun ƙyalle ne a cinyata. Akwai bargon da na fara, na yi wa wata mai jego alkawari baki da baki, ɗanta kamar ɗan tsako. Sai ga shi allura ta gagare ni. In na kawo zare kusa sai ya wuce ta gefe. Na tura bargon ƙarƙashin katifa, na daina ɗaga waya, na yanke a raina na bar ɗinki ke nan.

Wata Asabar da la'asar sai ga Mama Ngozi, shugabarmu, mai shagon zare a kasuwar Sabon Gari, tare da Maman Talatu, wadda ke zuwa ƙungiyar daga ƙauye da 'yan cocinsu. Sun sayo gasasshiyar masara a hanya.

"Bilkisu, yarinyar kirki, haka ake yi?" in ji Mama Ngozi. "Ni tsohuwa da ciwon ƙafa na hau keke har Samaru. Ina bargo?"

Na miƙa musu hannuna suka ga yadda yake yi, sai kuka ya ƙwace min. Cikin kukan ne, don ban san abin faɗi ba, na ba su labarin Iya da totuwarta. Maman Talatu ta dubi masarar hannunta ta ce, "Ashe magani muka sayo ba mu sani ba. Ngozi, yi sauri ki cinye taki."

"Da waɗannan haƙoran?"

Na yi dariya, karon farko tun ranar. Suka zauna a tabarma suna zura zare suna sokawa, suna gardama kan wadda ta fi makanta, har totuwa biyu suka cika.

Na gama bargon. Layin ɗinkin ya karkace, kowa zai gani. Mama Ngozi ta ɗaga shi ta ce jariri ba ya duba layi, ɗumi yake nema.

Da ina yarinya na ɗauka wayo Iya take mana don ta samu 'yan aiki. Yanzu na gane mace ce da idonta ya tafi, ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ajiye ɗinki ba, ta mayar da neman taimako wasa har muna rige-rige. Ni na kai wa mai jegon bargonta da kaina, a keke, idona a rufe tun daga Samaru har muka wuce Kwangila, hannuna ɗaya riƙe da zanen Maman Talatu. Tana ta cewa in sassauta kada in tuɓe ta a titi.