Baba Mai Gyaran Waliyai

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Fenti yake buɗe ɗan shagonsa na bayan coci, ya kwaɓa farin siminti a tsohon gwangwanin madara, ya zauna. Shekara talatin da huɗu yana gyaran mutum-mutumin waliyai, wanda hancinsa ya guntule da wanda aka karya wa yatsa wurin shara. Ƙarshen watan nan zai rufe shago. Ni tela ce, maƙwabciyarsa, kuma raina a ɓace yake.

Babu sunan da ba a kira bawan Allahn nan ba: mai bautar gumaka, maƙerin alloli. Waɗanda ba su taɓa leƙa shagon ba su suka fi zaƙewa. Ina kan keken ɗinki ranar da wani direba ya tsaya yana masa ba'a. Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Da matarka ta kwanta asibiti, me ka ce mini?"

"Na ce ka sa mu a addu'a."

"To, bauta mini ka yi? Mu Katolika abin da muke ce wa waliyai ke nan. Sun riga mu isa gaban Allah, muna roƙonsu su roƙa mana. Wannan kuwa siminti ne, ni na kwaɓa shi. Yaya zan bauta masa?"

Direba ya ja motarsa ya tafi.

Amma ba na waje ne suka fi ba ni haushi ba. 'Yar cikinsa, tun da ta koma wani coci, shekara shida ba ta taka gidansa ba, wai ba za ta kai 'ya'yanta inda gumaka suke ba. Jikoki uku, ƙaramar bai taɓa ɗaukarta ba. Haba! Uban da ya kai ki makaranta a bayan kekensa?

Baba, kai ne aka zaga ba ka rama ba, aka tambaye ka da raini ka amsa da haƙuri. Mun gode. Duk mai sana'a ya yi koyi da kai.

Ke kuma 'yarsa, na san za ki karanta. Hannunsa ya fara rawa, buroshi ma suɓuce masa yake yi. Ba wanda ya ce ki durƙusa a gaban komai. Ki kawo masa jaririyar nan tun yana iya riƙe ta.