Anti Rabi da Matan Cikin Mujalla

A wannan wata Anti Rabi, matar yayana, ta cika shekara uku da rasuwa. A nan Alƙahira muka binne ta, kuma har yanzu ina gidan da ta bari a Hay el-Sabi', ina karatuna, ina riƙon 'yarta Safiyya. Masu ta'aziyya sun yi ta yabon haƙurinta da iya girkinta. Gaskiya suka faɗa game da girkin. Haƙuri kam, da sauƙi dai, Allah Ya jiƙanta.

A 2011, lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, yara suka rasa abin yi. Yaya Sani ya kwaso musu tsofaffin mujallun zane daga masu baza littattafai a gefen titi, irin na jaruman Turawa masu tashi sama, an fassara su da Larabci. Matan ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a nan suna da al'ada: kafin mujalla ta shiga hannun yaro, sai an bi ta da baƙin biro an yi wa matan ciki sutura. Ni da Anti Rabi mun sha zama muna ɗinka wa matan Turawa dogwayen riguna da tawada, muna jin mun sauke nauyi.

Wata rana da la'asar muka nemi Safiyya muka rasa. Tana da shekara bakwai a lokacin. Can Anti Rabi ta same ta a ƙarƙashin matattakalar bene, hannuwanta ɗaure da ɗankwali, ɗaurin da ko akuya za ta warware. Ashe wasan jarumai suke yi da yaran maƙwabta, aka kira su cin abinci, suka manta da ita.

"Me ya hana ki kwance kanki?" in ji uwarta.

"Umma, ai macen ba ta kwancewa. Jira take yi a zo."

Ni dariya na yi. Anti Rabi ba ta yi ba. Ta ɗauko mujallun ta bi su shafi-shafi, ta nuna mini abin da biron namu bai gani ba. Wannan tana ihu a kan rufin gini, waccan ta suma a hannun jarumi, wata kuma duk burinta ta san ko zai aure ta. Har wadda aka ce jaruma ce, rabin labarin a ɗaure take. Ta ce, "Mun rufe musu jiki, mun bar 'yata da sauran."

Yaya ya ce shi ke nan, a ƙone su a huta. Ta ce ba ta yarda ba. Ta nemo almakashi da gam, tana yanka farar takarda tana liƙawa a kan maganar da ke fitowa daga bakin matan, tana rubuta tata. Inda aka rubuta "Ku cece ni", sai ta sa "Riƙe ƙofar, na ga inda makullin yake." Zanen bai canza ba, matar tana nan da bakinta a buɗe, amma yanzu umarni take bayarwa. Na riƙa tsokanarta da cewa ta zama mai gyaran aikin Turawa ba albashi.

Bayan shekara ɗaya ciwon hanta ya ɗauke ta.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Jaruman sun fito daga takarda sun cika fina-finai da jakunkunan 'yan makaranta. An ce matan sun fara faɗa da kansu, ko da yake har yanzu kamar yadi ya ƙare wa telansu. Ina jin za ta taɓe baki ta ce da saura. Kuma na san waya za ta ba ta tsoro, domin gam ba ya kama gilashi.

Fargabata kullum ita ce ranar da Safiyya za ta gane. Ranar ta zo a bana. Ta ga irin mujallar a gidan ƙawarta a Ainu Shams, ba sutura, ba liƙi. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Gwaggo, ashe matar cikin mujallar nan ba ta taɓa faɗin maganganun nan ba? Umma ce ta yi mini ƙarya?"

Na ji zafin kalmar sosai. Na ba ta labarin matattakalar, wanda ita ta manta. Na ce in ta ga dama ta kira shi ƙarya, amma ta san dalilinsa. Ta shige ɗaki, na zauna ina tunanin shi ke nan, aikin baiwar Allah ya rushe.

Anti Rabi ba ta bar littafi ba, ba ta gama digirinta ba, ko muryarta ba mu da ita a waya. Da ina ganin abin da ya rage mana kenan, kabari a ƙasar mutane. Allah Ya haskaka shi.

Da Safiyya ta fito, idanunta sun yi ja. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Gwaggo, na daɗe ina ƙoƙarin tuna yadda Umma take magana, na kasa. Ashe na haddace ta duka a bakin matan mujallun nan."