Awon Nomau a Rijiyar Dogarawa

Tunda kun matsa in ba ku labari guda daga zamanin aikina, to ga wanda ya ƙi barina. Ranar da muka auna Nomau a bakin wata rijiya ta ƙasar Dogarawa, wallahi har gobe ba ta fita raina ba, ko da yake na so ta fita.

Farkon shekarun saba'in ne, lokacin da ruwan sama ya yi ta ƙaranci. Ina aiki da wani kamfani mai gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka. Buronmu, wato ofishinmu, yana Ƙwanni, siminti kuma kamiyo, babbar motar kaya, ke kwaso mana daga Malbaza. Ni ne mai rubutu: ni ke kiran suna da safe, ni ke cika takardu, ni ke fassara tsakanin ma'aikata da injiniyanmu, wani anasara da bai san komai a Hausa ba sai "sannu" da "maza-maza". Ku da kuka taso da injin haƙa ba ku san aikin ba, bari in bayyana muku. Ana haƙa mita guda, a jera ƙarafa, a kafa farantan ƙarfe kewaye, a zuba kwaɓaɓɓen siminti a bayansu, a daddanna shi da sanda har ya cika ko'ina. In hannu ya yi sakaci ko ido bai gani ba, sai kogo ya rage a cikin bangon. Daga waje lafiya lau. Amma ranar da ƙasa ta matso, nan zai fashe a kan wanda ke ciki.

Ma'aikata mataki uku ne: lebura, magini, sai shef, wato shugaban magina. Maginanmu takwas. Takarda ta zo daga Yamai cewa aiki ya ragu, a auna su duka da jarrabawa, a riƙe biyar, wanda ya fi kowa kuma a tura shi koyo ya dawo shef. Ku tuna fa, a shekarar nan wanda ya rasa aiki ba shi da gonar komawa, don gero bai yi ba.

Kowa ya san wanda za a tura koyo. Nomau ne, mutumin Alela, dogo, marar yawan magana, mai 'ya'ya uku. Yakan ƙwanƙwasa bango da guduma ya ce nan akwai kogo, a fasa a tarar da shi. Yana auren ɗiyar Baba Arzika, maginin da ya girmi kowa a cikinmu, kuma tsohon ne ya kawo shi aikin. Kun dai san kunyar suruki a ƙasarmu. Nomau bai taɓa cin abinci inda tsohon ke gani ba, bai taɓa kiran sunansa ba, in ya hango shi tafe sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Awon kashi biyu ne. Na farko, kowane magini ya zuba mita guda shi kaɗai, daga shi sai leburansa. Na biyu, bayan siminti ya kama, a saukar da kai ka duba zubin wani, ka fito ka faɗi aibinsa, mai zubin yana tsaye yana ji. Injiniya ya riga ya sauka ya rubuta abin da ya gani a ɗan littafinsa. Ya ce in haɗa su bibbiyu. Ni kuwa, don tsabar lalaci, sai na bi jerin rajista kawai, ga sunan Nomau yana bin na Arzika. Na gani sarai. Na ɗan dakata, sannan na ce a raina, kai, zubin Baba ai ba a taɓa samun aibi a cikinsa ba, me Nomau zai faɗa? Na wuce abina.

Ranar Talata ce, da hantsi. Aka ɗaura wa Nomau igiya, leburori suka saukar da shi. Muna sama muna jin guduma, ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana zagayawa. Da ya kai gefen gabas sai sautin ya mutu, bif. Ya sake bugawa, bif. Daga nan tsit. Leburori suka kalli juna. Baba Arzika na zaune kan buhun siminti, shi ma ya ji, don na ga ya sunkuyar da kai.

Da aka jawo Nomau, injiniya ya ce in tambaye shi abin da ya samu. Na tambaye shi. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Aiki ya yi kyau."

Na rage murya na ce, "Nomau, ka ji tsoron Allah ka faɗi. Abincin gidanka ne fa."

Ya ce, "Malam, ban iyawa."

Baba Arzika bai dube shi ba, don su ba sa haɗa ido. Ni ya fuskanta ya ce, "Malam, ce mai shi hwaɗi. Na yahe mai."

Ai kuwa sai abin ya ƙara lalacewa. Nomau ya ƙara yin ƙasa da kai, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

To ga inda nawa laifin yake, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Anasaran nan ba ya jin Hausa. Da na juya na ce masa Nomau ya ce akwai kogo a gefen gabas, da shi ke nan, kuma ba ƙarya na yi wa aikin ba, tunda duk mun ji gudumarsa ta tsaya a wurin. Tunanin ya zo mini. Amma direban injiniya na tsaye kusa, yana jin harsunan biyu, ni ma kuma ina da bakunan ciyarwa. Tsoro ya kama ni. Na fassara maganar yadda take: ya ce aikin ya yi kyau.

Injiniya ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa guda. Ya ce in rubuta sifiri, na rubuta da hannuna.

Sai aka saukar da Baba Arzika ya duba zubin Nomau. Ya jima, ya fito ya ce bai ga aibi ba. Littafin injiniya ma haka ya ce, don zubin ba shi da aibi ko kaɗan. Tsohon ya samu maki cikakke a wannan kashi. Da muka haɗa lissafi a buro, Baba Arzika ya zo na biyar, ya tsira da ƙyar. Nomau, wanda ya fi kowa a zubi, ya zo na bakwai.

A ranar da la'asar na yi ƙarfin hali na shiga wurin injiniya, na bayyana masa al'adarmu tiryan-tiryan. Ya saurare ni, ba zan yi masa ƙazafi ba. Sannan ya ce, "Na ji. To in ya zama shef, surukinsa ya bar kogo, ya ƙi faɗi, wa za ka saukar a rijiyar? Kai za ka sauka?"

Amsar tana wurin Baba Arzika, kuma ta makara da kwana guda. Washegari na tarar da shi tsugune a ƙofar buro, hularsa a hannu. Ya ce, "Malam, shekara biyu ke nan idona ba shi gani sosai cikin rijiya. Duk zubin da na yi, yaron ga na bin bayana shina dannawa, bai taɓa ce mani komi ba, ni ma ban ce mai ba. Kyawon aikin da kuke yabo, nashi ne. Ku hidda ni ku sa shi."

Ashe Nomau bai taɓa barin kogo ya kwana a bango ba. Faɗi ne ba ya yi, gyara kuwa yana yi. Mu da takardarmu muka raba su don awo, sannan muka hukunta shi a kan abu guda da ba zai iya ba. Na kai maganar ciki da gudu. Aka ce sakamako ya tafi Yamai da motar safe, da sa hannu da hatimi, kuma ba a musayar gurbi tsakanin ma'aikata. Na rubuta wasiƙa sau biyu, ko amsa ban samu ba.

Ƙarshen wata Nomau ya zo ya miƙa guduma da igiya. Na kasa kallonsa. Shi ne ma ya ce mini, "Malam, kar ka damu, rabo ne ya ƙare." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba a yi wata huɗu ba zubin Baba Arzika ya tona kansa. Sau biyu ana fasa aikinsa a sake, a na uku aka sallame shi. Gida guda, mutum biyu, duk a waje. Nomau ya tsallaka iyaka wajen Sakkwato yana haƙa rijiyoyin gargajiya, waɗanda ba siminti ba ƙarfe, yana aiko da abin da ya samu. A rani na biyu wata ta rufta da shi a ƙasar rairayi. Baba Arzika da kansa ya zo Ƙwanni ya gaya mini, yana laluben bango da hannu. Bai zarge ni ba. Cewa ya yi kawai ya ga ya kamata in sani, tunda na so yaron da alheri.

Na ƙara shekaru masu yawa a wannan aiki, na auna mutanen da ban san adadinsu ba. Tun daga ranar ban sake haɗa mutum biyu ba sai na tambayi wa ke auren ɗiyar wa, wa ya koya wa wa sana'a. Abin da na gane shi ne, takardar awo tana kama abin da mutum ya faɗa a rana guda, ba ta san abin da yake yi kullum a ƙasan rijiya inda ba mai ganinsa ba. Sanin wannan aikin mai rubutu ne, mu da muka san mutanen. Amma kada ku ce na koyi darasi abin ya yi amfani. Waɗanda suka amfana wasu ne. 'Ya'yan Nomau uku sun tashi ba uba, kuma jimla guda ce kawai aka buƙata daga bakina ranar Talatar nan.