Hancin Farfesa Trethewey

Shekara talatin da huɗu Farfesa Glenys Trethewey ta yi a birnin Canberra tana auna nisan garken taurari, irin waɗanda haskensu ya baro gida tun babu mutum a doron ƙasa. Ta yi suna a kansu, ko da yake yawancinsu a fuskar kwamfuta ta gan su. Amma ɗalibai da ƙwallon ƙarfe suka san ta.

Kowace shekara, a darasin farko na fiziks, akan rataya ƙwallon daga rufin ɗakin lacca da doguwar igiya. Nauyinsa ya kai na ɗan rago. Sai ta jingina ƙeya da bango, ta jawo shi har ya taɓa hancinta, ta sake. Ya tafi, ya dawo, ya tsaya gab da hancin. Darasin ke nan: ba ya wuce inda ya taso, muddin ba a tura shi ba.

A shekararta ta ƙarshe hannunta ya fara rawa. Merv Dunstan, mai kula da kayan gwaji, wanda yake ɗaura igiyar nan tun suna da baƙin gashi, ya ce hannu mai rawa kan tura ƙwallo bai sani ba. Gara ta nuna wa ɗalibai bidiyo.

"Bidiyo? Merv, tsufa ya fara taɓa maka kai."

"Ni kai, ke hannu, Glen. Hancin naki dama ba wani kyau gare shi ba, kar a ƙara masa."

Kwana biyu ba ta kula shi ba a wajen shayin safe.

Ranar darasin ta tsaya jikin bango, ta cusa hannuwa a aljihu, ta ce Merv ya zo ya riƙe ƙwallon. Merv bai taɓa tsayawa gaban aji ba, kunnuwansa suka yi ja. Ya ɗora ƙarfen a hancinta, ya ɗan jima, sannan ya buɗe yatsu a hankali.

Ƙwallon ya tafi. Da ya juyo, Farfesar da ba a taɓa ganin ta ƙifta ido ba ta runtse idanu gam. Iskarsa kawai ta ji.

Ɗalibai ɗari uku sun gani. Ta ce musu tunani take yi. Merv ya ce haka ne, shi ma ya ga alama.