Wanda Ya Riƙe Igiya

Sau uku na karanta wa kakana Illo shafin, don kada a samu kuskure. Memuwar ɗina ne, wato kundin bincike na gama jami'a, kan tarihin rijiyar garinmu kusa da Attantane. Na rubuta cewa kakana ne ya gina ta.

Ya ce, "Kai ɗan boko, to wa ya riƙe mini igiya? Da Tanko ya saki, da ba a haifi ubanka ba."

Duk waɗanda na tambaya ba wanda ya ambaci Tanko. Ya rasu bai bar ɗa ba.

Jiya na sake buga shafin, sunansa kusa da na kakana. Ban taɓa alfahari da gyara kamar wannan ba.

Ku a garinku, wa ya riƙe igiyar?