Kujerar da aka zuba da bayan autata

Shekarar da autata za ta gama karatun injiniya a Alƙahira, na je sarin abaya kasuwar Ataba da ke can da niyya biyu: in sayi kaya, in kuma ji ranar da za ta dawo gida. Tun rasuwar babanta ni kaɗai nake kwana a gidan nan. Har ɗakinta na sa aka yi wa sabon fenti.

Ta daɗe tana ce mini a waya ita da 'yan ajinsu suna ƙera mota, ni kuwa da bakina har na cika maƙwabta da labari. Da ta kai ni garejinsu a jami'ar Ainu Shams, sai na ga wata aba a ƙasa kamar kwalekwale, ba ƙofa, ba rufi.

Na ce, "Ina fasinja zai zauna?"

Ta ce, "Umma, ta tsere ce. Tseren juriya. Awoyi za ta yi tana zagaye fili, ba a so komai ya lalace."

"Ta zagaya ta je ina?"

"Ta dawo inda ta tashi."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ta nuna mini hanyar da iska ke bi ta sanyaya birki, da ƙarafan da suka huhhuda don a rage nauyi. A garinmu ƙarfe ake ƙara wa mota don ta yi ƙwari, su kuma nasu suke ɓulawa. Kaina ya ɗaure, na fara tunanin ko an yaudari yarinyar nan ne.

Can wata ƙawarta 'yar Masar ta ce, "Yalla," wato a fara. Suka shimfiɗa wata ƙatuwar leda a cikin motar, autata ta miƙo mini jakarta ta shiga ta kishingiɗa a kai. Ƙawar ta zuba wani ruwa a cikin ledar, ya dinga kumbura kamar ƙullin fanke har ya rungume bayanta.

Daga kwance autata take mini bayani. Kujera ce. Idan jikin direba yana zamewa a kowace kwana, gajiya za ta kayar da shi kafin motar ta gaji, shi ya sa ake zuba ta daidai jikin mai tuƙi.

Na ce, "Wai ke za ki tuƙa? Yaushe?"

"Bayan mun gama jarrabawa. Kuma an ce in zauna mu ƙera ta baɗi." Ta kau da ido. "Ma'alish, Umma, ki yi haƙuri."

Da abin ya sandare ta tashi. Na sa hannu a cikin ramin da ta bari, da sauran ɗuminsa. Ga kafaɗarta ta hagu da ta fi ta dama saukowa, yadda na san ta tun ina yi mata wanka a baho. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa.

Autata ta ce, "Tamam? Ta yi?"

Na ce ta yi kyau. Maganar fenti ban yi ta ba har na hau jirgi.