Widad, Wadda Ta Ƙi Rufe Mini Farce

Shekara ashirin da biyu Widad tana sauka daga motar farko a unguwar Bahari ta birnin Iskandariyya a Masar, ta ci wake da gurasa a tsaye, ta zauna a kujerar ƙarshe ta shagon kwalliyar Madam Shahira. Aikinta hodar farce ne, irin mai kaurin launi. Ta tsoma burushi a ruwan nan mai hawa kai, ta dangwalo hoda, ta shimfiɗa kafin ta daskare. Duk abin da ke ƙasa ya ɓace. Mu masu gyaran kifi mun shaida: farcen da gishiri ya cinye, ta mai da shi na amarya.

Ranar bikin 'yata na kai mata babban yatsana mai wani baƙin layi a farce. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Umm Rajab, yaushe wannan ya fito?"

"Ke likita ce? Rufe min, dangin ango na hanya."

"Farce tara zan yi miki ban da wannan, Hajiya. Hodar nan in ta hau, ko ke ba za ki ƙara ganinsa ba. Je ki a duba."

"To wa ya ce ina son ganinsa?"

Na ɗaga murya har masu busar da gashi suka leƙo. Madam Shahira ta ce mai ƙin baƙuwa ba ta da kujera a shagonta. Widad ta goge burushinta, ta ɗauki jaka.

Daga baya na je aka duba, bayan wata biyu likita ya cire rabin yatsan. Ya ce mugun ciwo ne, da an rufe shi shekara guda da ba yatsa kaɗai zai tafi ba.

To ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. Na koma na ce na janye ƙarata. Madam ta ce an ba wata ma'aikaciya kujerar. Na ce ai ni na yi ƙarar, ni na janye. Ta ce ba haka ake yi ba. Yaya ake yi? Ihuna na ƙarya ya kore ta cikin minti biyar, na gaskiya sati uku ke nan bai dawo da ita ba. Wani ya fahimtar da ni.

Widad, ke ce gwanar rufewa da ta san abin da ba a rufewa. Na gode, kuma ki yafe mini bakina. Ku masu riƙe da burushi, ku duba farce kafin ku binne shi, kamar yadda take yi.

Yanzu a ɗakinta take aiki, bayan kasuwar kifi, hawa na uku. Ku je can. Ni kuwa kullum da safe ina ƙofar Madam Shahira a kan kujerata, duk mai shiga sai ta ga hannayena: farce tara jajaye, aikin Widad, da gurbin na goma.